Robar da aka saka wa mahaifina a ƙirji: me ya sa aka hana ɗaga kwalbar?

Ɗan Auta:
Assalamu alaikum. Kwana uku ke nan da aka kwantar da mahaifina, bayan hoton ƙirji ya nuna mugunya ta taru tsakanin huhunsa na dama da haƙarƙari, sakamakon ciwon huhu da ya daɗe ba a kula da shi ba. Likita ya saka masa roba a ƙasan hammata, wadda ta zarce cikin wata kwalba mai ruwa a gefen gado. Jiya ƙanwata ta ɗora kwalbar kan katifa domin ta yi shara, sai nas ta yi mata faɗa sosai. Mene ne haɗarin yin haka? Kuma idan Baba zai zaga banɗaki, ko za mu iya matse robar?

Ma'aikaciyar Jinya:
Wa'alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Ɗana, nas ɗin ta yi daidai. Bakin robar yana nutse ne kimanin santimita 2 cikin ruwan kwalbar, kuma ruwan nan shi ke barin iska da mugunya su fito ba tare da iskar waje ta shiga ba. Da zarar kwalbar ta haura ƙirji, abin da ya fito yana iya gangarawa ya koma ciki da ƙwayoyin cutarsa. Idan zai tashi, ku riƙe kwalbar a tsaye ƙasa da ƙugunsa, kuma kada ku matse robar, musamman idan kuna ganin kumfa na tashi lokacin da ya yi tari, domin iskar da aka tare tana iya danne huhun har ta tura zuciya gefe.

Likitan Ƙirji:
Malam, abin da Hajiya ta faɗa haka yake. Dabarar nan ta daɗe, domin tun 1875 wani likitan Jamus, Gotthard Bülau, ya yi amfani da ita a Hamburg wajen zuƙe irin wannan mugunyar. Ku riƙa lura da ruwan cikin robar: idan yana hawa da sauka tare da numfashi, tana aiki. Idan ya tsaya cak alhali numfashin Baba na ƙara wahala, wataƙila ta lanƙwashe ko ta toshe, sai ku kira nas nan take. Ku kuma tambaya ko an kai mugunyar gwajin tarin fuka, domin a yankinmu yana cikin manyan dalilan taruwar ruwa a ƙirji, kuma maganinsa yawanci wata 6 ne.

Ɗan Auta:
Na gode, Hajiya da Likita. Ruwan yana hawa da sauka, kuma tun safe ba mu ga kumfa ba. Gobe da safe zan yi wa likitansa maganar gwajin idan ya zo zagaye.