Abin da aka faɗa wa Ƙanina a Majalisar Agege

Jiya a majalisarmu ta Agege a Legas ƙanina ya ce lauyan kare haƙƙin ɗan Adam yake so ya zama, sai kowa ya sa baki. Wani dattijo ya ce yaro ka shirya, shekara 5 a jami'a, sannan makarantar lauyoyi ta Victoria Island, kuma kuɗi ba sa zuwa da wuri, shahararren lauyan kare haƙƙin ɗan Adam Gani Fawehinmi ma ya sha ɗauri sau da yawa, sai 2001 ya samu SAN, wato lambar girman manyan lauyoyin Najeriya. Wani ya ce ka haddace babi na 4 na kundin tsarin mulkin 1999 mai maganar haƙƙin ɗan Adam, ka riƙa leƙa gidan yarin Kirikiri, mutanenmu 'yan acaɓa suna can ba shari'a ba beli. Ni dai na ce ya koyi Yarabanci tukuna.