Ambilans ta ƴan kasuwa da kuɗin talakawa: wa ya taɓa gani da idonsa?

Baban Nafisa, unguwar Zariya

Assalamu alaikum. Asibitocin kuɗi sun yawaita a Maraɗi, kuma wasunsu suna da ambilans tasu wadda ake ɗauka haya zuwa Yamai ko Damagaram, wani lokaci har Katsina da Kano. A majalisarmu ta bayan la'asar gardama ta tashi a kan wannan: tunda motocin gwamnati ba su wadatar ba, me zai hana ƙananan hukumomi su ƙulla yarjejeniya da masu waɗannan motoci, a riƙa biyansu daga kuɗin haraji, su kuma su ɗauki majinyaci ba tare da an tambaye shi ko dala ba? Wasu sun ce wannan ita ce mafita, wasu sun ce sabuwar hanyar cin kuɗi ce kawai za a buɗe. Abin da na lura shi ne yawancin masu gardamar ba su taɓa shiga ambilans ba. Saboda haka ina roƙon wanda ya taɓa biyan kuɗinta, ko ya tuƙa ta, ko ya raka majinyaci a cikinta, ya gaya mana abin da ya gani.

Majo mai ritaya

Wa alaikumus salam, Baban Nafisa. Na yi aikina kusan duka a cibiyoyin lafiya na karkara da ake kira CSI, kuma turo majinyaci shi ne abin da ya fi hana ni barci. Tsarin a takarda a bayyane yake: ƙaramar likitar ƙauye ta tura CSI, CSI ta tura asibitin gunduma, asibitin gunduma ya tura babban asibitin jiha ko asibitin uwa da yaro a nan Maraɗi, idan abin ya fi ƙarfin nan kuma a wuce Yamai. Kowane mataki mota yake buƙata, kowace mota kuma mai take sha.

A 2005 gwamnati ta mayar da tiyatar haihuwa kyauta, a 2006 aka ƙara da kula da yara ƴan ƙasa da shekara biyar da awon ciki. Alheri ne babba, amma hanyar da mace za ta bi ta isa ɗakin tiyatar ba ta shiga lissafin ba. Wannan giɓin ne ya sa gundumomi da dama a ƙasar nan suka ɓullo da ƙarin dala ashirin, wato sefa 100, a kan kuɗin ganin likita, ana tara shi daban domin man ambilans. A wata cibiya da na riƙe, kuɗin yana hannun ma'ajin kwamitin kula da cibiyar, wanda mutanen gari suka zaɓa, ba a hannuna ba. Duk fitar da mota za ta yi sai an rubuta sunan ƙauye da lambar kilomita kafin tashi da bayan dawowa, ni in sa hannu, direba ya sa, ma'aji ya sa, a ƙarshen wata kuma a karanta wa kwamiti a gaban mai gari. Muddin ana wannan karatun ban taɓa ganin asusun ya ƙare ba. A wata cibiyar kuwa, kuɗin iri ɗaya ake karɓa, jama'ar ma sun fi yawa, amma babu littafi, kuma kullum amsar ita ce babu mai.

Game da ƴan kasuwa, tsorona ɗaya ne. Duk wanda ya yi aiki a wancan zamani ya san yadda cibiyoyi suka riƙa aika takardun neman a biya su kuɗin kyautar yara da mata, suna jira wata da watanni, har shekaru, kantin magani yana ta ƙarewa. Mu ma'aikatan gwamnati ne, dole mu buɗe ƙofa ko an biya ko ba a biya ba. Ɗan kasuwa ba zai jira haka ba. Ko dai ya ajiye motarsa, ko ya karɓi kuɗi a hannun iyalan majinyaci a ɓoye sannan ya kai wa hukuma takardar wannan tafiyar, a biya shi sau biyu.

Maman Sa'adu

Baba Majo, cibiya ta biyun da ka ambata kamar tamu kake faɗa. Ni a birni nake aure, amma gidanmu yana wani ƙauye arewa da Maraɗi. Matar ƙanena naƙuda ta yi mata tsawo da damina, aka kai ta CSI a amalanken shanu, ungozoma ta duba ta ce sai tiyata. Da aka kira ambilans, sai aka ce a tanadi jaka 25, wato sefa 25,000, na mai kafin ta taso. Ƙanena ya ce ai muna biyan dala ashirin duk zuwa, aka ce masa wannan kuɗin ya ƙare tun tsakiyar wata. Cikin dare ya bi gida gida, daga ƙarshe ya jinginar da tunkiyarsa wajen wani mahauci. Uwar ta rayu, jaririn bai zo da rai ba.

Ba na cewa jinkirin ne ya kashe shi, rai na Allah ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ba a ba mu ko guntuwar takarda ba. Ba mu san ko kuɗin ya shiga asusu ko aljihu ba, kuma da na koma na tambayi wani ɗan kwamitin, dattijo ne abokin mahaifinmu, sai ya ce shi kansa rabonsa da a kira shi taro ya manta. To idan motar gwamnati ce ma haka, ta ɗan kasuwa wa zan je in tambaya?

Baban Nafisa, unguwar Zariya

Allah ya sa mai ceto ne, Hajiya, ya ƙara wa uwar lafiya.

Direban ambilans

Amin. Hajiya, Allah ya ba ku haƙuri. Ni ina tuƙa ambilans ta wani asibitin kuɗi a cikin gari, kuma ina so jama'a su ji lissafinmu, domin ana yi mana kallon marasa imani. Daga Maraɗi zuwa Yamai kimanin kilomita 660 ne, zuwa da dawowa ya haura 1300, kuma dawowar babu kowa a ciki. Motar da nake ja tana shan wajen lita 12 a kilomita 100. Ko da farashin gazwal na sefa 618 da aka sa bayan ragin 2024, man kaɗai ya kusa jaka 100. Ba a yi maganar taya ba, wadda hanyar Dogon Dutsi da Ƙonni take ci, ba a yi maganar malamin jinyar da zai raka ba, balle oksijin. Idan aka gaya wa iyali farashi suka riƙe baki, wallahi ribar da ke ciki ba ta kai abin da suke zato ba.

Amma akwai abin da ya kamata a faɗa a kan sana'armu. Ba duk motar da aka rubuta wa ambilans aka ɗora mata jiniya ce ambilans ba. Na san motocin da bas ce aka cire wa kujeru aka shimfiɗa katifa, babu tukunyar oksijin, babu ko ƙugiyar rataya ƙarin ruwa, direba ne kaɗai da ɗan'uwan majinyaci a baya. Yawancin cinikinsu ma ɗaukar gawa ne zuwa ƙauye, kuma da wannan motar za a ɗauko mai jego washegari ba tare da an wanke ta da magani ba. Idan hukuma za ta ba da kwangila ba tare da an buɗe bayan mota an duba ba, irin waɗannan ne za su ci, domin su ne za su iya karya farashi.

Alhaji na babbar kasuwa

Malam direba, na yaba da gaskiyarka. Ni ban taɓa tuƙi ba, amma ni ne mai biyan kuɗin da ake magana a kai. Ina biyan harajin shago, ina biyan na hukumar birni, kuma kayan da nake saye akwai harajin kashi 19 cikin ɗari a kan mafi yawansu. Lokacin da mahaifiyata ta samu shanyewar ɓarin jiki, ni na yi hayar ambilans zuwa Kano da kuɗina, kuma ban yi ƙorafi ba, domin Allah ya hore mini. Wanda na yi ciniki da shi ya ba ni rasi, ya cika alkawari, malamin jinya ya zauna kusa da ita har muka isa. Dalili kuwa shi ne kuɗin daga hannuna ya fito, ina kallonsa yana kallona.

Da zarar hukuma ce mai biya, wannan kallon ya tafi. Mai mota ba zai ƙara jin nauyin majinyaci ba, nauyin mai sa hannu a takardar biya zai ji. Mun kuma san yadda kwangila take tafiya idan babu mai leƙawa, ƙanin wane ne zai wayi gari da kamfanin ambilans. A da, ko ba komai, akwai kansilan unguwa wanda za ka tare a masallaci ka tambaye shi. Tun da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi a watan Afrilun 2024 aka naɗa kantomomi, wannan ƙofar ta ragu. Ba ina zargin kowa ba ne, amma ni ba zan goyi baya ba sai an liƙa yarjejeniyar a ƙofar ma'aikatar magajin gari, da sunan mai motar da farashin kilomita, kuma duk wata a karanta a rediyo nawa aka biya.

Ɗalibi a Faransa

Baba Alhaji, abin da ake gardama a kai shi ne tsarin da ake bi a inda nake karatu, kuma na shiga irin motar da kaina bayan an yi mini aiki a ƙafa. Yawancin ambilans masu kai mutane asibiti da mayar da su gida a nan na kamfanoni ne, asusun inshorar lafiya na ƙasa ne yake biyansu. Sai dai kamfani ba ya fara aiki sai hukumar lafiya ta yankin ta ba shi izini, mutum biyu ne a cikin mota kuma dole ɗaya ya kasance mai takardar shaidar wannan aiki, sannan ba a biyan tafiya sai likita ya rubuta takardar cewa majinyacin yana buƙatarta. Duk da haka ana kama masu ƙara kilomita da masu rubuta tafiyar da ba a yi ba, ana gurfanar da su.

A Ingila kuma, a yankin Sussex a 2016, an ba wani kamfani kwangilar jigilar majinyata, shi kuma ya rarraba aikin ga ƙananan kamfanoni. Masu wankin ƙoda suka riƙa jira sa'o'i, wasu direbobi suka rasa albashinsu, kuma kafin shekara ta ƙare aka sanar da cewa za a mayar da aikin hannun hukumar ambilans ta gwamnati. Can akwai masu bincike da ƴan jarida da kwamfuta, amma sai da majinyata suka sha wahala tukuna aka gyara.

Ungozoma

Ni ce wadda ake sakawa a bayan motar, shi ya sa nake so in ƙara wani abu da ba a taɓo ba. Duk macen da muka tura, takardar turawa take tafiya da ita, kuma a ƙa'ida asibitin da ya karɓe ta zai cike ɓangarensa ya mayar mana, ya faɗi lokacin da ta iso da halin da ta iso da abin da aka yi mata. Wannan ɓangaren na biyu ba kasafai yake dawowa ba. A ganina ita ce shaidar da ta fi kowace, domin mai mota ba shi ne yake rubuta ta ba, wanda ya tura ma ba shi ba ne. Idan za a biya ɗan kasuwa da kuɗin jama'a, kada a biya shi da littafin motarsa kaɗai, a biya shi da takardar da asibitin karɓa ya buga wa hatimi, mai ɗauke da sa'ar kira da sa'ar isowa. Da irin wannan takarda Maman Sa'adu za ta san awa nawa aka yi ana jiran jaka 25.

Sannan a sa rakiya cikin farashin. Na taɓa raka mai zubar jini cikin dare a motar haya, ina riƙe da ledar ƙarin ruwa a sama da hannuna domin babu inda zan rataya ta, da muka isa mai motar ya juya ya tafi, ni kuma na kwana a benci na dawo da safe a motar kasuwa da kuɗina, cibiyar kuwa babu ungozoma tsawon wannan lokaci. Idan yarjejeniya ba ta ambaci wanda zai raka da yadda zai dawo ba, ma'aikata za su riƙa zamewa, kuma ba zan ga laifinsu sosai ba.

Majo mai ritaya

Ƴata, shawararki ta fi tawa ƙarfi. Zan ƙara cewa kofi ɗaya na takardar ya riƙa zuwa hannun kwamitin ƙauyen, ba ofishin gunduma kaɗai ba.

Direban ambilans

Hajiya ungozoma, na yarda da hatimin, amma a duba wani abu. Idan muka isa babban asibiti ƙarfe biyu na dare, wanda ke riƙe da hatimi sau da yawa yana ɗakin tiyata ko ya tashi, kuma ba zan iya tsayar da likita yana ceton rai in ce ya buga mini takarda ba. Idan na jira har safe, mota ta kwana a can, wani majinyacin kuma yana kira a gida. Ko dai a ajiye mutum ɗaya a ƙofar karɓar gaggawa wanda aikinsa ke nan dare da rana, ko a sa kuɗin jira a cikin yarjejeniyar. Maigidana ba zai sa hannu a kan takardar da babu ɗaya daga cikin biyun nan ba, kuma ina jin sauran masu motoci ma haka za su ce.