Wa ya taɓa ɗora rpm ko exe a kan Ubuntu, kuma yaya aka ƙare?

Mai shagon buga takardu: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina roƙon duk wanda ya taɓa ɗora manhajar da ba don irin kwamfutarsa aka shirya ta ba ya faɗa mana yadda suka kwashe, ni kuma bari in fara da nawa. Na sayi firinta ta hannu, da na nemi direbanta na Linux, wato manhajar da ke haɗa ta da kwamfuta, sai na tarar kamfanin a ƙunshin rpm kaɗai ya fitar da shi, irin na nau'o'in Linux ɗin Fedora da openSUSE, alhali nau'in Ubuntu ne a kwamfutar shagona, ita kuwa ƙunshin deb ta sani. Na juya ƙunshin zuwa deb da wata manhaja mai suna alien, ya ɗoru ba gardama, amma firinta ta yi gum. Kwana biyu ina mayar da masu takardu shagon maƙwabcina. Daga baya na gane cewa alien ba ya kwaso umarnin da ke gudana bayan ɗorawa sai an ƙara masa --scripts, kuma a cikinsu ne ake yi wa firintar rajista a CUPS, tsarin da ke kula da firintoci a Linux. Ina sake juyawa da wannan ƙari, shafin gwaji ya fito.

Malamin kwamfuta: Wa alaikumus salam. Alhaji, ka taki sa'a, domin alien kwali kawai yake sauyawa, kayan da ke ciki kuwa yana nan yadda aka haɗa shi. Ni na juya wata manhaja da aka gina a kan sabuwar Fedora, na ɗora ta a Ubuntu 20.04, ina buɗewa sai ta ce ba ta sami GLIBC_2.34 ba, wato siga ta 2.34 ta glibc, tarin muhimman fayilolin da manhajojin Linux ke aiki da su, saboda wannan Ubuntu 2.31 take ɗauke da shi. Sai na yi gangancin da nake roƙon kowa ya guje masa: na kwafo sabon glibc da hannu na danne tsohon. Nan take ko umarnin ls ya daina aiki, tunda kusan kowace manhaja a kansa take jingine, kuma sai da na tayar da kwamfutar daga filashi kafin na ceto sakamakon jarrabawar ɗalibaina. Har ma'ajiyar ta bambanta, Fedora tana zuba irin waɗannan fayiloli a /usr/lib64, Ubuntu kuma a /usr/lib/x86_64-linux-gnu.

Akantar kantin magani: Malam, tawa matsalar ta Windows ce. Manhajar lissafinmu exe ce, kuma ta buɗe lafiya a kan Wine, wadda tun 1993 ake gina ta domin ta riƙa fassara buƙatun manhajojin Windows zuwa abin da Linux ke fahimta. Inda gizo ya saƙa shi ne ɗan makullin lasisi da ake soka wa a USB, wanda yake buƙatar direban Windows, abin da Wine ta kasa ɗauka. Dole na koma VirtualBox, manhajar da ke kwaikwayon wata kwamfuta a cikin kwamfuta, na ɗora Windows cikakkiya a ciki, aiki ya tafi, sai dai kwamfuta mai RAM giga 4 tana jan ƙafa sosai idan an buɗe Windows ɗin tare da Ubuntu.

Ɗalibi: Ni yanzu kafin in taɓa alien sai na duba ko akwai Flatpak ko AppImage na manhajar, wato ƙunshin da ke aiki a kan nau'o'in Linux daban-daban, domin suna zuwa da yawancin abubuwan da suke buƙata, duk da cewa saukar da Flatpak na farko yana cin data ƙwarai.

Mai shagon buga takardu: Na gode muku. Hajiya, akwai manhajar zanen katin gayyata da nake son gwadawa a Wine, ba ta da makullin USB. Idan ta bugo ta firintar nan zan dawo in faɗa muku ko launukan sun fito daidai.