Waƙar Habakuk da rigimar kalmar wahayi

Iliya: Salama a gare ku 'yan'uwa. Dan Allah ku bar ni in amayar da abin da ke cina tun ranar Lahadi. Watan jiya 'yata ta yi kwana tara a asibiti, a dare na shida likita ya ce mu dage da addu'a, ina zaune kan benci a bakin ɗakin na buɗe Littafi Mai Tsarki sai idona ya faɗa kan Habakuk 3:17-18, inda annabin ke cewa ko ɓaure bai yi toho ba, ko inabi bai yi 'ya'ya ba, ko garke ya zama wayam ba tunkiya ba saniya, shi dai zai yi murna da Ubangiji. Ban san sanda na fara rerawa ƙasa-ƙasa ba. Baiti biyu da amshi a bayan takardar magani na rubuta su, muryar kuma na ɗauka a waya wajen ƙarfe 3 na dare ina raɗa don kar in tashi marasa lafiya. Yarinya ta warke, yabo ga Allah. Na kai wa shugaban mawaƙanmu, ya ce ta yi daɗi za a rera amma ba za a ambaci sunana ba, wai kalmomin Habakuk ne ni kwafa na yi. Waƙar da Ubangiji ya ba ni ta wahayi a irin wannan daren a ce kwafa na yi?

Mama Saratu: Sannu ɗana, Allah ya ƙara mata lafiya.

Bulus: Barka da arziki ɗan'uwa, amma ka janye kalmar nan wahayi. Wahayi na annabawa ne da manzanni kuma an rufe ƙofarsa, ka duba Wahayin Yahaya 22:18 ka ga gargaɗin da aka yi wa mai ƙari.

Rifkatu: Haba Malam Bulus, wa ya ce zai ƙara sura a Littafi? 1 Korantiyawa 14:26 fa cewa ta yi in kun taru wani na da waƙa wani koyarwa wani wahayi, a aya ɗaya aka jera su.

Bulus: Yawwa, jera su aka yi daban-daban, kenan waƙa daban wahayi daban. Kin kawo min hujja da hannunki.

Yohanna: Ku 'yan makarantar tauhidi matsalarku kenan, kun mai da Ruhu Mai Tsarki kamar wanda ya yi ritaya.

Bulus: Ku kuma duk wanda ya yi mafarki sai ya tashi ya ce Ubangiji ya ce. Shi ya sa waƙoƙinku layi ɗaya ne a yi ta maimaita shi sau talatin ganga na tashin kan mutane.

Yohanna: Me ganga ta yi maka? Zabura 150 da kanta ta lissafa ƙaho da molo da kuge masu ƙara.

Rifkatu: Kuma shi Habakuk 3 ɗin ai waƙa ce tun asali, akwai Sela, kalmar nan da ake samu a waƙoƙin Zabura, har sau uku a ciki, ƙarshenta an rubuta ga shugaban mawaƙa da kayan kiɗa masu tsirkiya. Mutumin da ya ga Kaldiyawa, wato mutanen Babila, na shirin cinye ƙasarsa wajen shekara 600 kafin Almasihu ya rera ta, muryarta ce ta ɓace mana, Iliya ya sa mata wata, to ina laifin?

Baba Ishaya: 'Yata, Dauda da ya rubuta Zabura duka guda 150 ɗin nan ya taɓa neman a kira sunansa?

Rifkatu: Ka yi haƙuri Baba, ba duka ne nasa ba, 73 ne ke ɗauke da sunansa, 12 na Asaf, ta 90 ta Musa ce. Kuma tunda sunayen na nan rubuce a sama ai ka ga ba a ɓoye su ba.

Baba Ishaya: Yanzu ni za ki koya wa Zabura? Tun ba a haife ki ba nake cikin mawaƙa.

Yohanna: Baba a faɗi gaskiya, shugaban mawaƙan surukinka ne shi ya sa.

Mama Saratu: Kai Yohanna ka iya bakinka, sa'an ubanka ne fa.

Iliya: Ni fa ban ce ni annabi ba ne. Na sa waƙar a nan tun safe, ko mutum ɗaya bai ce min ya saurara ba.

Bulus: Ka fara gyara kalmar tukuna sai mu saurara.

Baba Ishaya: To tunda ni ne babba bari in tattara. Kowa ya yarda wahayi ba kalmar wasa ba ce, Iliya ya yi kuskure kuma Malam Bulus ya gyara masa da aya. Kalmomin na Habakuk ne, shugaban mawaƙa bai yi laifi ba, mai neman suna a gidan Allah ya binciki zuciyarsa. Yohanna kuma ina jiransa ya zo ya ba ni haƙuri. A bar maganar haka.

Rifkatu: Baba wane kowa? Ni ban yarda ba. Iliya na saurara yanzu, wurin da muryarka ta karye a "duk da haka" sai da na yi hawaye, ka turo min kalmomin in koya wa yarana yau da dare.