Amsa ta fito daidai, malami ya ba ta sifiri

Maman 'Yan Biyu: Jama'a, raina a ɓace yake. 'Yata tana aji biyu a ƙaramar sakandare, aka ba su aikin gida: kashi 15 cikin ɗari na wane kuɗi ne naira 60? Tana taya ni tsince shinkafa ta ce, in kashi 15 sittin ne, kashi 5 ashirin ke nan, kashi 5 kuma sau ashirin ne ke cika ɗari, to 400. Ta rubuta 400. Malaminsu ya ja mata jan biro, sifiri, wai ba ta jera 15 bisa 100 daidai da 60 bisa x ba. Wallahi wannan zalunci ne.

Malamin Lissafi: Hajiya, ki janye kalmar zalunci. Ko a jarrabawar WAEC matakai ake bai wa maki, ba amsa tsurarta ba. In ta zo da 400 kawai, wa ya san ba kwafa ta yi ba?

Ɗan Kwari: Malam, zalunci ne mana! Hana mai haƙƙi haƙƙinsa fa? Mu nan duk shekara muna fitar da zakka, ɗaya cikin arba'in, babu wanda ya taɓa rubuta x.

Malamin Lissafi: Alhaji, azzalumi shi ne mai yi da gangan. Wannan koyarwa yake yi.

Anti Nas: Kuskure dai za a ce, zalunci ya yi nauyi.

Ɗan Kwari: Ke ai mijinki malami ne, dole ki kare su.

Anti Nas: Alhaji, kar ka sa mijina a maganar nan. Ku da kuke ƙara kashi 20 a kan atamfar dubu goma, sannan ku ce kun rage kashi 20, ka san nawa ta dawo? 9,600, ba dubu goma ba. Lissafin da ake yi da ka ba ya kama wannan.

Ɗan Kwari: To asarar wa aka yi? Tamu ce ai. Ga kuma harajin sayen kaya, wato VAT, da aka ɗaga daga kashi 5 zuwa 7.5 tun 2020, wa ya tausaya mana?

Baban Ummi: Ku fara tambayar yaushe aka biya malamin albashi kafin ku kira shi azzalumi.

Maman 'Yan Biyu: Makarantar kuɗi ce fa. Ni ina tambaya ne ko hanyar yarinyar daidai ce.

Shugaban Zaure: To a tsaya haka. Na shekara talatin ina riƙe da alli, kuma abin da na gani shi ne akasarin mutane sun yarda malamin bai yi zalunci ba, tsari ya bi. Hajiya, ki sa yarinya ta riƙa rubuta matakai, kuma ki je ki ba shi haƙuri kan wannan kalma. Alhaji, maganar haraji a kai ta wani zauren.