Neman shawara: tsofaffin kaset na wasannin Blind Faith, ta ina zan fara?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na samu kaset goma sha ɗaya da faifan CD shida na wasannin da ƙungiyar mawaƙan rock ta Birtaniya, Blind Faith, suka yi a gaban jama'a a 1969. A jikin wasu an rubuta Gothenburg, wani birni a Sweden, wasu Amurka kawai aka sa, biyu babu rubutu ko kaɗan. Guda uku sun yi fari-fari daga ciki, ɗaya kuma muryar mawaƙinsu Steve Winwood ta yi siriri kamar ta yaro. Ina Kaduna, ga damina. Yaya zan mayar da su kwamfuta ba tare da na lalata su ba, kuma ta yaya zan gane mai daraja a ciki?

Amsa ta farko

Wa alaikumus salam Malam. Kafin komai, kada ka kunna ko ɗaya don jin daɗi. Tsohon kaset wani lokaci kunnawa ɗaya ta rage masa, to ta zama ita ce ta kwafa.

Wannan farin fumfuna ce. Ware ukun nan a wata leda daban, domin tana yaɗuwa, kuma idan ka sa su a na'ura za ta shafa wa sauran. Sauran takwas ɗin, duba ta ƙasa inda zare yake wucewa: akwai ɗan soso manne da siririn ƙarfe, shi ke danna zaren a jikin hed, wato ɗan ƙarfen na'ura da ke karanta sautin zare. Gam ɗinsa yana bushewa ya faɗi, sai sauti ya dusashe. Idan ya faɗi, ko ƙoƙon kaset ɗin ya lanƙwashe, a zare zaren a mayar da shi cikin wani ƙoƙo mai noti biyar. Sannan ka kai zaren ƙarshe, ka tariyo shi sau ɗaya don ya saki.

Na'urar ma a duba ta. A goge hed da sandar ƙarfen da ke jan zare da auduga da sifirit na isopropyl mai kashi 99. Bel ɗin da ya saki shi ne ke kawo rawar murya, rolar roba da ta taurare ita ke cin zare. Gwada ta da kaset ɗin da ba ka damu da shi ba tukuna.

Amsa ta biyu

Abin da mutane suka fi tsallakewa shi ne daidaita karkatar hed, wato azimut. Kowane kaset da na'urar da ta naɗe shi, don haka kowane gefe sai an daidaita masa. Haɗa sautin hagu da dama su zama ɗaya, sa abin ji a kunne, ka juya notin gefen hed a hankali da sukudireba marar maganaɗisu har ka ji kugen gangar Ginger Baker ya fito tar. Kwatan juyi ma yana da yawa wani lokaci. Abin da ya ɓace a nan, babu manhajar da za ta dawo da shi.

Kwafa a WAV, tsarin fayil ɗin sauti da ba a matse ba, bit 24, kilohaz 96. Awa ɗaya tana cin wajen gigabait 2, kaset mai minti 90 kuwa kusan 3. Bar ƙololuwar sauti a wajen desibel 6 ƙasa da sifili. Kada ka taɓa wannan fayil na farko, ko shuuu ɗin zare kada ka rage. Duk gyara a kwafinsa za a yi.

Batun siririyar murya, gudu ne ya yi yawa. Kaset yana tafiya ne santimita 4.76 a daƙiƙa. Idan batirin mai ɗauka ya yi sanyi a ranar wasa, zaren ya tafi a hankali, to in an kunna shi daidai sai sauti ya haura. Buɗe hoton sautin, wanda ke nuna sautukan sama da na ƙasa, a manhajar gyaran sauti ta Audacity ka nemi gurnanin lantarki: a Turai haz 50 ne, a Amurka 60. Ka gan shi a 52 a wasan Gothenburg, gudun ya ɗara da kashi 4.

Amsa ta uku

Gyara kaɗan ga Malam na sama. Gurnanin nan yana iya yaudara, domin kowace na'urar da aka yi kwafi da ita daga baya tana iya zuba nata. Za ka tarar da layi biyu ko uku. Gwada da ogan ɗin Winwood ma, shi ba ya sauka daga saitinsa kamar jita. Idan ya haura da rabin murya a kiɗa, gudun ya ɗara da kusan kashi 6.

Kan daraja kuwa: ƙungiyar nan 'yan watanni ta yi. Sun fara da Hyde Park a Landan ran 7 ga Yuni 1969, suka yi 'yan wasanni a ƙasashen Sikandinebiya, suka shiga Amurka a Yuli, aka gama a Hawaii a Agusta. 'Yan ƙungiyar su ne Eric Clapton, Winwood, Baker da Ric Grech, shi ke nan. Don haka duk kaset mai wata shekara daban, ba su ba ne, ko dai Cream ce ko Traffic, wasu ƙungiyoyin da wasunsu suka yi kiɗa a ciki, aka laƙaba wa sunan. Na Hyde Park an fitar da shi a DVD a hukumance, kada ka wahala a kansa.

Sauran galibi wani ne daga cikin 'yan kallo ya ɗauka da ƙaramar na'ura. Abin nema shi ne silsila: kwafi na nawa ne daga asalin. Kowane kwafi yana ƙara shuuu, yana cinye sautukan sama. Biyun nan marasa rubutu, saurari maganar da aka yi tsakanin waƙoƙi da ihun jama'a, ka kwatanta da waɗanda ke yawo a hannun masu tarawa. Tari ko fito ɗaya da ya zo wuri guda ya isa ya nuna maka tushensu ɗaya. A wannan harka musaya ake yi, ba sayarwa ba, haƙƙin kiɗan yana da masu shi.

Amsa ta huɗu

CD ɗin ka fara da su ma, irin waɗanda aka ƙona a gida suna mutuwa ba sallama. Ciro su da manhajar Exact Audio Copy zuwa FLAC, tsarin fayil da ke matse sauti ba tare da ya rage komai ba. Idan hoton sautin ya yanke ƙat a wajen kilohaz 16, mai yiwuwa daga MP3 aka ƙona shi, ka rubuta hakan a bayaninsa.

Kada wani ya ce maka ka gasa kaset. Wannan magani ne na wasu zarurrukan faifai manya masu danƙo, ba na fumfuna ba. Masu fumfuna a bar su cikin akwati mai marfin roba da jakunkunan silika masu tsotse danshi na mako biyu zuwa uku ta bushe, sannan a goge zaren da kyalle marar gashi, a waje, da takunkumi a hanci.

Ajiye su a tsaye cikin kwalinsu, a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da sifika da bangon da rana ke duka. Danshi tsakanin kashi 30 da 40 ake so. A watan Agusta a Kaduna sai ka riƙa busar da silikar duk mako biyu. Fayilolin kuma kwafi uku, ɗaya a wani gida daban, da lambar MD5 ta kowane, wadda ke nuna ko fayil ya lalace, a duba su sau ɗaya a shekara.