Neman shawara: wane kiɗan rege na Filifin zan saka wa abokaina a bakin teku?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ɗalibi ne a Cebu, ina karatun likita. Bazararsu ta kama, zafin Afrilu ya tsananta, sai 'yan ajinmu suka shirya zuwa Moalboal, wani garin bakin teku, bayan jarrabawa, kuma ni aka ɗora wa nauyin kiɗa. Galibinsu 'yan ƙasar ne. A rege, Bob Marley da Lucky Dube na sani, su muka taso muna ji a gida. To ina so in saka musu nasu, don mutanen nan sun riƙe ni da mutunci tun zuwana. Su wa zan nema? Damuwata ta biyu, ba na jin yarensu sosai, kada in kunna batsa ko yabon wiwi ban sani ba.

Tsohon ɗalibin Cebu:
Wa'alaikumus salam ƙanena. Ai a gidan abin kake zaune, don Cebu ake yi wa kirari da cibiyar regen ƙasar. Fara da Junior Kilat, 'yan garin ne, mawaƙinsu Budoy Marabiles, kuma da yaren Bisaya suke waƙa. Ka riƙe wannan da kyau: mutumin Cebu yana jin Tagalog, yaren su Manila, a makaranta ya koya, amma Bisaya ne yaren uwarsa. Na taɓa gani da idona a cikin kwalekwalensu na bangka, mai gorar nan ta gefe da gefe. Matuƙin bai ce mana uffan ba tun da muka taso, ana sako Junior Kilat ya hau dukan katako da tafin hannu yana amshi, har muka kai gaɓa. Waƙoƙinsu cike suke da barkwanci da tatsuniyoyin yankin, har da dodon nan da suke kira sigbin. Daga nan ka kawo Tropical Depression, ƙungiyar marigayi Papa Dom wanda ya rasu a 2013. Fitacciyar waƙarsu kan zaman lafiya take, babba da yaro sun haddace ta. Ita za ka ajiye sai rana ta kusa faɗuwa.

Mazaunin Manila:
Ka ƙara da Brownman Revival. Tun shekarun 1990 suke, suna da kayan busa masu daɗi, kuma sun shahara da ɗauko tsofaffin waƙoƙin ƙasar su mayar da su rege. Amfaninsa shi ne kowa ya riga ya san baitocin. Mutanen nan ba sa sauraron waƙa su yi shiru, rerawa suke, shi ya sa na'urar bidiyoke, wadda ke sa kiɗa mutum ya rera waƙar da kansa, ta cika unguwanni. Idan akwai dattijo a tafiyar, nemo masa Cocojam, suna cikin na farko-farko. Ni a ganina regensu ya fi na Jamaika sanyi, soyayya da nishaɗi sun fi yawa a ciki, ko da yake ba a rasa masu taɓo talauci da siyasa.

Anti mai aikin jinya:
Ɗana, ni damuwarka ta biyu ce ta tsaya min a rai, Allah ya yi maka albarka da ka yi wannan tunanin. Ka zaɓi ɗan ajinku guda mai natsuwa, ku zauna ya saurari jerin waƙoƙin, duk wadda ba ta dace ba ya faɗa maka ka cire. Ba zai ji haushi ba. Sannan ka yi nesa da duk wanda ya miƙo maka wiwi da sunan rege. Dokar miyagun ƙwayoyi ta 2002 ba ta wasa, kai kuma baƙo ne, karatunka da bizarka duk suna iya salwanta. Abinci kuwa, lechon ɗin da Cebu ke alfahari da shi gasasshen alade ne. Ka nemi gasasshen kifi, ka tambaya ko gasa ɗaya aka yi musu. Ka tafi da dardumarka.

Tsohon ɗalibin Cebu:
Gaskiyar Anti. Ƙari a kai, ka duba kalanda. Idan tafiyar ta faɗo Makon Ista, ranar Juma'ar nan ta makoki ce a wurin Katolika, ka rage murya ƙwarai ko ka kashe. Kuma kusan awa uku ce a bas daga tashar kudu, ka sauke waƙoƙin a waya tun daga gari. A Moalboal, gaɓar Panagsama duwatsu ne, can ake nutso a kalli garken kifin sadin. Wurin shimfiɗa tabarma da ajiye sifika shi ne Basdaku mai farin yashi. Ka tambayi masu kula da wurin kafin ka kunna, don tun da aka rufe tsibirin shaƙatawa na Boracay wata shida a 2018 aka gyara shi, an fi sa ido kan hayaniya da shara a bakin teku.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti, gobe in sha Allah zan zauna da abokin karatuna mu tace su. Yaya, ko zan iya cusa Lucky Dube ɗaya ko biyu a tsakiya?

Tsohon ɗalibin Cebu:
Saka mana. Ka sa shi bayan Junior Kilat, lokacin da jiki ya riga ya saki. In sun tambaye ka waye, ka ba su labarinsa.